Shaihu Umar, Daɗin Kowa Da Cefanen Bodija

Wannan karon hira ce muka zo da ita irin ta ƙofar gida, kan wani littafi da muka karanta, da abin da muka kalla a talabijin, da cefanen da muka yi a watan da ya shige. Da ma ba mu yi niyyar rubuta komai a kai ba. Wata tambaya ce da autanmu ɗan shekara tara ya jefo mana ta hana mu sakat, muka ce bari mu kawo ta nan, don mun san ba gidanmu kaɗai ake yin ta ba.

Abin ya faro ne daga ɗaukewar wuta. 'Yan layinmu sun san yadda aka yi da mu bayan ruwan nan mai iska, kwana shida cur babu ko ƙyas. Firji ya koma kabad, waya sai an kai wa mai caji, yara kuwa sun rasa abin yi sai tsokanar juna. Ran nan uwargida ta ce tunda zaman banza ake yi, a jawo tsohuwar adakar marigayi mahaifinmu a duba, don danshin damina ya fara sa ta wari. A can ƙasa, ƙarƙashin wata babbar riga da takardun lissafin goro da ya rubuta da ajami, muka tarar da littattafai uku: Ishiriniya, da Ahalari, da wani ɗan siririn littafin boko wanda gara ta ɗan lashi gefensa. Muka kaɗe ƙura muka duba, ashe Shaihu Umar ne.

Ga wanda bai taɓa karanta shi ba, ko ya karanta tun yana firamare ya manta, Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi tun yana malamin makaranta a Bauci, kafin siyasa ta ɗauke shi har ya zama Firayim Minista. A 1933 ofishin fassara na Zariya, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, littafin ya fito a 1934. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Mai saurin karatu zai iya gama Shaihu Umar tsakanin La'asar da Isha'i. Mu dai dare huɗu muka yi a kansa, da 'yar fitilar sola, kowa ya baje a tabarma, ana karatu ana korar sauro.

Labarin wani babban malami ne a Rauta, kusa da Bauci, wanda almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya zauna ya ba su labari tun daga tushe. A Kagara aka haife shi, ya tashi maraya. Uwarsa ta auri wani bafade mai suna Makau, sauran fadawa suka ƙulla masa sharri aka kore shi daga gari. Cikin wannan hargitsi aka sace yaron, ya yi ta faɗawa daga wannan hannu zuwa wancan, har ya dire wurin wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetare Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu. Uwar ta bazama nemansa, ita ma aka kama ta aka sayar. Sai da ta sha wuya iya wuya kafin su haɗu, a lokacin kuwa kwananta ya kusa ƙarewa. Da muka iso wurin nan uwargida ta tashi wai za ta duba ko ta kashe risho, alhali tun Magariba aka sauke tukunya. Muna jin ta tana share hanci a madafa.

A dare na biyu idanunmu suka gaji, muka miƙa wa 'yarmu ta tsakiya littafin muka ce ta ci gaba. Yarinyar nan aji uku take a ƙaramar sakandare. Turanci tana karanta shi kamar ruwa, Yarbanci tana cin sa a jarrabawa, a Islamiyya kuma ta kusa sauka. Amma da ta riƙe Shaihu Umar sai ta yi turus. Ta fara jan layin farko a hankali kamar mai taka ƙaya, can ta ɗago ta ce, “Baba, wannan k ɗin me ya same ta ta lanƙwashe?” Aka kwashe da dariya, mu ma muka yi, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Yarinyar da ke furta ƙa da ɗa da ɓa tun tana goye, ba ta taɓa ganin su a rubuce ba. Hausar da take gani ta waya ce, wadda babu ƙugiya, rabin kalma an cinye. Muka samo biro muka rubuta mata a bayan kwali: fada da faɗa, kafa da ƙafa, baki da baƙi. Ta duba ta duba ta ce, “Au, ashe haka ne.” Kafin dare na huɗu ta fara tafiya, ko da yake da ɗingishi.

Ba mu ga laifin makaranta ba. Makarantun garin nan Yarbanci suke koyarwa, kuma daidai ne, garinsu ne da harshensu. Laifin namu ne. Mu a gindin mahaifinmu muka koyi karatun Hausar boko, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da direbobi ke riƙo masa daga Zariya. Takan iso da kwana uku ko huɗu da fitowa, wani lokacin da tabon manja, amma sai ya sa mu karanta masa ita daga farko har ƙarshe yana gyara mana. Mu kuwa me muka yi wa namu? Mun biya kuɗin makaranta, mun biya na Islamiyya, mun biya na lesin, muka ɗauka Hausa tunda ana jin ta a gida za ta kula da kanta.

Daren da aka gama littafin, kowa ya yi shiru, sai auta ya ce, “Baba, shi Shaihu da aka tambaye shi ya faɗi garinsu. Mu ina ne garinmu?”

Bakinmu ya riga tunaninmu, muka ce, “Kano mana.”

Ya ce, “To me ya sa da muka je biki can yaran suke ce mini Bayarabe? A nan makaranta kuma aboki suke ce mini.”

Uwargida ta ce, “Kai, dare ya yi, tashi ka je ka kwanta.” Ya tashi ya tafi. Mu kuwa barcin ranar sai a hankali.

Gaskiyar magana, kakanmu ne ya baro ƙasar Kano, fataucin goro ya kawo shi Kurmi, ya yi kaka-gida. Mahaifinmu a nan Sabo aka haife shi, a nan aka binne shi. Mu ma a nan aka yanke mana cibiya. Zuwanmu ƙauyen da kakan ya baro, in muka ƙirga da yatsu ba za mu cinye hannu biyu ba. Kuma maganar ta wuce tsokanar yara. Bara babban ɗanmu ya nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma don shiga jami'a. A nan aka ce shi ba ɗan ƙasa ba ne, ya tafi garinsu. Ya hau mota ya kwana a hanya, ya isa can aka ce sai mai unguwa ya shaida shi, mai unguwa kuwa bai taɓa ganin fuskarsa ba. Sai da aka lalubo wani tsoho, ƙanen kakanmu ta wajen uwa, wanda ya tuna sunan gidan, kafin a sa hannu. Kwana biyar ya yi, ban da kuɗin mota. Da ace tsohon nan ya riga mu gidan gaskiya, wa zai shaida shi? In auta ya kai wannan munzali, wa zai tarar?

Rana ta bakwai aka kawo wuta. Yaran layi suka kwashe da ihun nan da kuka sani, a gidanmu kuma aka koma yaƙin rimot. Babban yana son ƙwallon Ingila, 'yar tana son tashar finafinan Yarbawa, auta katun, uwargida kuwa ta ce duk wanda ya taɓa mata Arewa24 lokacin Daɗin Kowa ya nemi mai ba shi tuwo. Ita ta ci, kamar kullum.

Mu faɗi alherin tashar nan tukuna. Tun da aka buɗe ta a 2014, Hausar gidaje da yawa a unguwar nan ta ɗan miƙe. A da auta yakan ce “Umma ya dawo”, mu yi ta gyara yana komawa. Kallon Kamaye da Adama suna cacar baki, da Ɗantani a teburin shayinsa, shi ya gyara masa abin da faɗanmu ya kasa. Kwana Casa'in kuma ya sa babban ya fara tambayarmu yadda ake siyasa a Arewa. Yara suna tsintar karin magana, suna ganin yadda ake durƙusa wa babba, yadda ake zaman makoki da neman aure. Wannan duk riba ce, Allah ya saka wa masu yi.

Amma a wannan karon, da tambayar yaron nan a ranmu, sai muka kalli shirin da wani ido. Garin Daɗin Kowa ƙagaggen gari ne na Arewa, kuma an sa baƙi a cikinsa, waɗanda ba Hausawa ba, wasu ma ba Musulmi ba, kowa da gidansa da damuwarsa da labarinsa. Mun ji daɗin haka. Sai muka ce to mu fa, Hausawan da ke zaune a garin wasu, ina namu labarin? Washegari 'yar ta samu rimot ta kai mu finafinan Kudu. Ba a yi minti ashirin ba sai ga Bahaushe ya fito. Kun riga kun san shi: maigadi ne, hula a karkace, rediyo a kunne, yana kwaɓa Turanci ana dariya. In ba shi ba, to mai tsire ne. Gadi sana'a ce, tsire ma sana'a ce, tsiren Sabo kuwa har daga Legas ake zuwa ci. Amma shi ke nan mu? Ina 'yan canji, ina dillalan shanu, ina telolinmu, ina matan da ke aurar da 'ya'ya da kuɗin ƙosai da adashi, ina yaranmu da suka yi karatu a Jami'ar Ibadan suka zama likitoci da lauyoyi? Ina Bahaushen da in ya juya harshe zuwa Yarbanci sai ka rantse a Oja'ba aka haife shi? Don adalci kuma, finafinanmu na Kano ma haka suke yi wa Bayarabe da Ibo, a ɗaura masa wata irin Hausa a mai da shi abin dariya. Kowa yana yi wa kowa. Mu da muke tsakiya mu ne ke jin zafin duka biyun, don mun san mutanen nan ido da ido.

Abin mamaki, a garin nan aka fara talabijin a ƙasar nan. Ranar 31 ga Oktoba 1959 gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta buɗe tashar WNTV a nan Badun, suna kirarin su ne na farko a Afirka. Mahaifinmu yakan ba mu labarin yadda samari ke cincirindo a tagar duk gidan da ya mallaki akwatin. A namu zamanin kuwa Samanja ne gwaninmu. Ranar da za a nuna shi ba a aiken yaro ya je. Hausarsa ta barikin soja ce, a gauraye da guntun Turanci, shi ya sa muke jin kamar ɗan unguwarmu ne. Sai da muka girma muka san Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a watan Nuwamba 2023, Banufe ne daga Pategi ta Jihar Kwara. Allah ya jiƙansa. Mutumin da ba a Kano ko Katsina aka haife shi ba, ya zama fuskar wasan Hausa a ƙasa baki ɗaya, kuma ba mu taɓa jin wanda ya ce masa ya kawo takardar shaida ba.

Akwai kuma wani abu da muka kama kanmu da shi wajen labarai. Da asuba BBC, da rana waya, da dare talabijin, duk kunnenmu yana Zamfara da Katsina da Borno. Dole ne, jininmu ne a can, Allah ya kawo musu sauƙi. Amma muka tambayi kanmu sunan kansilan mazaɓarmu a nan Ƙaramar Hukumar Ibadan ta Arewa, wallahi sai da muka yi ta lalube. Alhali kwatar da ta toshe a bayan gidanmu ba gwamnan Kano ne zai yashe ta ba. Waɗanda suka ga ambaliyar Ogunpa ta 1980 da ta watan Agusta 2011 sun san in ruwan garin nan ya tashi, da mu yake tashi.

To, sai cefane. Asabar ɗin ƙarshen wata muka shirya mu da uwargida, muka ce auta ya zo ya riƙe mana leda. Muka tari Micra a Mokola, aka cusa mu kamar kifin gwangwani, sai Bodija. Uwargida ta rubuto jerin abin da za a saya: shinkafa, wake, manja, tumatir, attaruhu, tattasai, albasa, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, da alabo. Wanda ya karanta takardar nan kaɗai zai gane irin gidan da ta fito. Yau tuwon shinkafa miyar kuka, gobe amala da ewedu, kuma in aka kwana biyu ba a tuƙa amalar ba yara sai sun yi ƙorafi. Ko awo ma da kongo muke yi. Ranar da wata baƙuwa daga Kano ta ce a auno mata tiya biyu, sai da aka tsaya lissafi.

Farashi kuwa ba a cewa komai. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce an cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000, komai ya bi ta. Kuɗin da a da in muka zo da su sai mun nemi ɗan dako, yanzu auta shi kaɗai ya ɗauki abin da suka saya. Uwargida ta soke tattasai daga takarda, ta rage wake, ta tsaya gaban mai tumatir tana kallon ɗan kashin da ya kasa kamar ta yi kuka.

Yaro ne matashi, ɗan ci-rani, daga jin Hausarsa bai daɗe da sauka ba. Muka ce, “Haba samari, tumatir ne ko zinariya?”

Ya ce, “Wallahi Alhaji ba laifinmu ba ne. Haka muka saro.”

Mun san gaskiya ya faɗa. Tumatir ɗin da ke cika kasuwannin nan mafi yawansa na noman rani ne, daga Kadawa da Kura a Kano, da Ɗanja a Katsina, da makamantansu. Da zafi ya tsananta ruwa ya sauka, na rani ya ƙare, sai ya yi wuya, kowace shekara haka ne. In tsutsar nan mai cinye ganye ta shiga gonaki, irin ɓarnar da ta yi a 2016, sai abin ya ninka. Wanda aka samu kuma sai an jera shi a kwanduna, mota ta taso ta bi Kaduna, ta ratsa Jihar Neja, ta wuce Mokwa, ta haye Kwara a Jebba, ta bi Ilori da Ogbomosho da Oyo kafin ta iso nan. Ga kuɗin gas, ga masu tare hanya da sanda kowa da abin da zai karɓa, ga ramuka. In mota ta lalace kwana ɗaya, na ƙasan kwando ya zama ruwa, asarar kuma a kan wanda ya tsira za a ɗora ta. Albasa daga Aliero, wake daga Dawanau, shanu daga Potiskum, duk daga Arewa ake lodo su. Tukunyar Bayarabe da aljihun manomin Arewa igiya ɗaya ta ɗaure su, mu kuma a kan ƙullin muke zaune.

Ana cikin ciniki uwargida ta juya ta gaisa da wata mai barkono da Yarbanci, suka yi ta zuba. Yaron ya buɗe baki ya ce, “Au, Hajiya ashe ku 'yan nan ne.” Bai faɗa da wata manufa ba. Muka lura auta ya ɗaga kai ya kalle mu.

Daga nan muka wuce wurin Iya mai manja. Tsohuwar nan tun mahaifiyarmu na da rai a wurinta ake sayen manjan gidanmu. A watan Fabrairu 2021, lokacin rikicin kasuwar Shasha, da 'yar hatsaniya kan kayan tumatir ta zama ƙone-ƙone da asarar rayuka har gwamna ya rufe kasuwar, gwamnonin Arewa suka zo jaje, ita ce ta fara kiran uwargida a waya tana tambaya ko muna lafiya, ta ce in abin ya matso mu kwaso yara mu taho gidanta. Waɗanda suka rasa 'yan uwa da dukiya a Shasha, Hausawa da Yarbawa, Allah ya mayar musu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kun kuma tuna abin da ya biyo baya, da dillalan abinci da na shanu suka tsayar da lodi zuwa Kudu na 'yan kwanaki. A nan tumatir ya gagari talaka, a can ya ruɓe a hannun manomi. Ba mu ga wanda ya ci riba ba.

Iya ta auna manja ta ƙara gyara, sannan ta kamo hannun auta tana masa wasa irin na kaka da jika. Ta tambaye shi da Yarbanci shi ɗan ina ne. Yaro ya yi shiru ya juyo yana kallonmu, mu ma muka yi shiru. Sai ta yi dariya ta amsa wa kanta, ta ce, “Omo Sabo ni.” Wato ɗan Sabo ne. Ta ce ta san kakarsa, ta san ranar sunan ubansa, har ta ci shinkafar. Ta ciro ƙuli-ƙuli ta danƙa masa.

A mota muna dawowa uwargida tana tattara canji, sai ga wata tsohuwar naira biyar ta maƙale a ƙasan jaka. Ta ce, “Wannan kuma ko ruwan leda ba za ta saya ba.” Za ta mayar muka ce ta ba mu. Muka nuna wa auta hoton da ke jiki muka ce, “Ka san wannan? Shi ne ya rubuta Shaihu Umar.” Ya ƙura ido ya ce, “Don Allah Baba?” Muka ciro naira ɗari muka nuna masa Awolowo, muka ce wannan kuma shi ya kawo talabijin garin nan. Ya ce a ba shi duka biyun. Muka ba shi biyar ɗin, ɗarin kuwa direba na jira.

Da yamma muka je gaida wani dattijo a unguwar nan wanda ya haura tamanin, abokin mahaifinmu. Muka ba shi labarin tambayar yaron. Ya yi murmushi ya ce, “Ku ne ba ku faɗa musu ba.” Ya ɗauko zance tun daga jirgin ƙasa, wanda ya iso Badun a 1901 ya kai Kano a 1911, da yadda aka ware wa Hausawa Sabo a 1916. Ya lissafa mana manyan masu gidajen da fatake ke sauka wurinsu, yadda maigida ke ba baƙo masauki da abinci, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in an karɓi shanunsa bashi. Ya faɗi yadda ake ɗaure huhun goro da ganye a kai tasha, da yadda kara ta yi ta ƙaura har ta dire Akinyele. Ya ce yana saurayi wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar nan wajen 1962 da 1963 yana ta tambaye-tambaye. Littafin da ya rubuta a kanmu ya fito a 1969, ana karanta shi a jami'o'in duniya. Mu da aka rubuta a kanmu, mutum nawa ne a Sabo suka taɓa riƙe shi? Muka fito daga wurin dattijon bayan Isha'i da nadamar abu ɗaya: waya na aljihunmu, ba mu ɗauki muryarsa ba.

Unguwar da ta haura shekara ɗari ta wuce a kira ta masauki. Muna yawan cewa “in mun koma gida”, iyayenmu ma haka suka yi ta faɗa har aka kai su makwanci a nan. Ba muna cewa a manta da Arewa ba ne, Allah ya kiyaye. Can ne tushe, kuma wanda ke da hali ya riƙa kai yara suna ganin dangi, ko don ranar neman takarda. Amma yaron da aka ce masa nan ba garinsu ba ne, can kuma aka ce masa baƙo, in ba mu ba shi amsa ba wani zai ba shi wadda ba za mu so ba.

Da muka dawo muka kira auta muka ce, “Tambayarka ta ran nan. In an sake yi maka, ka ce asalinku Kano, garinku Badun, unguwarku Sabo. Kakan babanka ya zo da goro, kakanka a nan yake kwance.” Ya maimaita sau biyu kamar hadda, ya ce, “To in suka ce aboki fa?” Muka ce ya ce musu aboki ai ba zagi ba ne a Hausa, ya faɗa musu ma'anarsa, sannan ya faɗa musu sunansa.

Ga roƙonmu ga jama'a, ba mai tsada ba ne. Malaman Islamiyyunmu, ko rabin awa ne a mako, a koya wa yara karanta Hausa da rubuta ta, boko da ajami. Direbobinmu da ke zuwa Kano da Zariya, in an sauke kaya a riƙo mana littattafai ko biyu ne, Magana Jari Ce, Ruwan Bagaja, Iliya Ɗan Maiƙarfi, da na marubutan yanzu irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, za mu biya. Samarinmu masu manyan wayoyi, ku je wurin tsofaffin nan maza da mata ku ɗauki labarinsu tun suna iya bayarwa, ku kawo wa mujallar nan a buga. Wanda kuma ke da adaka irin tamu a ƙarƙashin gado, ya jawo ta ya duba kafin gara ta riga shi.

Mu dai a gidanmu mun yanke shawara, kowane daren Asabar bayan Isha'i za a kashe talabijin awa ɗaya ko da wuta, sai in ya ci karo da shirin uwargida, a nan kam sai a matsa. 'Yar ce ke karatu yanzu, mu muna gyara. Mun sake ɗauko Shaihu Umar daga farko saboda yaran maƙwabta biyu da suka fara zuwa, naira biyar ɗin auta ce alamar inda aka tsaya. Tabarma tana da faɗi, duk mai so ya turo nasa. Allah ya raya mana su, ya sawwaƙe mana tsadar nan, ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.